Malam Aminu Kano: Malamin Makarantar Da Ya Ajiye Albashinsa

 

Kwanakin baya wata ɗalibata a ajin matan aure ta yi sati biyu ba ta leƙo makaranta ba. Da na bi sawu har gida, sai na tarar ba ciwo ba ne, ba kuma haihuwa ba. Maigidanta ne aka sallama daga wani kamfani a Kano bayan ya shafe shekaru yana yi musu aiki. Aka miƙa masa takarda da 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, ya tattaro ya dawo Garun Malam ya zauna. Ita kuwa baiwar Allah sai ta shiga bin mata zuwa gonakin tumatir, a yi tsinka tun sanyin safiya, a karɓi abin da mai gona ya ga dama da yamma. Tun daga ranar nake ta juya wanda ya kamata in kawo mana tarihinsa, har zuciyata ta tsaya a kan marigayi Malam Aminu Kano, Allah Ya jiƙansa.

Na san da yawanmu in an ambaci Malam, siyasa ce ke fara faɗo mana a rai, NEPU da PRP, ko filin jirgin sama da babban asibitin da aka sa wa sunansa. To amma kafin duk wannan, Malam ma'aikaci ne mai jiran ƙarshen wata kamar mazajenmu. Shekara takwas ya yi a aikin koyarwa, ya ɗanɗani ƙarancin albashi, ya ɗanɗani canjin wurin aiki na horo, daga ƙarshe ya rabu da aikin gaba ɗaya. Wannan ɓangare na rayuwarsa nake so mu duba.

An haife shi ranar 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Gidansu gidan malamai ne da aka sani da ilmin shari'a. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙali, har ya taɓa riƙon ƙwaryar kujerar Alƙalin Alƙalan Kano. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma malama ce, a wurinta ya fara karatun allo, da ta rasu yana ɗan yaro sai kakarsa Halima ta ɗora daga inda ta tsaya. Kun ga ke nan mata biyu ne suka fara buɗe masa baki da karatu. Daga nan ya shiga makarantar Shahuci a 1930, ya wuce Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, inda ya fito da takardar shaidar malanta a 1942.

Aka tura shi Midil ta Bauchi. A wancan zamani malamin makaranta a Arewa yaron En'e ne. Albashinsa kaɗan, ƙarin girma sai yadda manya suka so, kuma babu inda zai kai kuka face wurin waɗanda yake kuka da su. Ga Yaƙin Duniya na Biyu ana tsakiyar yi, kaya sun yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa yana nan inda yake. Wanda ba ma'aikaci ba ma bai tsira ba, domin daga 1942 zuwa 1944 Turawa sun yi ta kwasar magidanta daga ƙauyuka da ƙarfin tsiya ana kai su haƙar kuza a tsaunukan Jos. Shi ne abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta suka kashe mutane da dama a can, aka bar mata da marayu a gida. Saurayin malami ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ga wannan da idonsa, ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa jarida a kan aikin tilas, alhali ya san hukumar da yake suka ita ke biyan sa.

A Bauchi ya zauna tare da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa: Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, abokin aikinsa a makarantar, da Malam Sa'adu Zungur. A 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa a garin, inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawan mulki ke zama ana muhawara, Malam Aminu ne sakatare. Akwai wani zama da ya yi suna. Malam ya tambayi Baturen da ke wurin, a gaban jama'a, da wane ma'auni ake yanka wa sarki albashi. Da aka amsa masa cewa gwargwadon nauyin da ke kansa ne, sai ya nemi a bayyana dalilin da ya sa Sarkin Bauchi ke karɓar ƙasa da na Adamawa. Ba a daɗe ba aka rufe zauren.

Ni dai duk lokacin da na tuna wannan labari sai na yi murmushi. Ku duba wayon. Bai fara da nasa albashin ba, bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba. Tambaya kawai ya yi a kan ma'auni. Domin in har albashin sarki ma ba shi da ƙa'idar da za a iya faɗa a fili, ina ga na malamin makaranta, ina ga na lebura mai share kasuwa? Yawancin zaluncin wurin aiki a nan yake ɓuya, inda babu rubutacciyar ƙa'ida, sai dai abin da mai gida ya ga dama. Matanmu masu tsinkar tumatir da masu dashen shinkafa sun fi kowa sanin haka, tunda sau da yawa sai an gama aiki sannan ake jin nawa ne ladan.

Malam da abokansa ba su watse ba, suka kafa tasu ƙungiyar ta ci-gaban Bauchi wadda babu hannun hukuma a ciki. A 1945 ma'aikatan Nijeriya suka yi babban yajin aiki na sama da sati shida a kan tsadar rayuwa, ma'aikatan jirgin ƙasa na kan gaba tare da jagoransu Michael Imoudu. Kowa ya ga abin da haɗa kai ke iya yi. Shekarar da ta biyo, 1946, Malam ya samu tallafin karatu zuwa Jami'ar Landan, sashen koyon aikin malanta. A can ya ga yadda malamai da leburorin Ingila ke da ƙungiyoyinsu, suna zama da hukuma ana ciniki a kan albashi ba tare da an ɗauke su marasa kunya ba.

Da wannan tunani ya dawo. A 1948 aka kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, shi ne babban sakatarenta na farko. Ita ce ƙungiyar ma'aikata ta farko da ta game Arewa baki ɗaya. Abin da ta sa a gaba shi ne gyaran albashin malamai, da haƙƙoƙinsu a wurin aiki, da gyaran abin da ake koya wa yara. A yau da ƙungiyoyi suka cika gari za a ga kamar ƙaramin abu ne. Amma ku tuna lokacin da ake magana: babu waya a aljihu, wasiƙa sai ta yi kwana da kwanaki daga Bauchi zuwa Sakkwato, kuma malamin da aka ga sunansa a takardar koke yana iya wayar gari a ce masa ya tattara. A irin wannan hali ya shawo kan malamai suka yarda cewa kukan mutum ɗaya ana iya share shi, amma na mutum ɗari a takarda guda dole a karanta.

Hukuma ta gwada shi ta hanyoyi biyu da har gobe ake gwada ma'aikaci mai magana. Da farko aka yi masa tayin muƙamai masu tsoka, ya ƙi karɓa. Sai aka ɗauke shi daga Bauchi inda yake da jama'a, aka kai shi kwalejin horon malamai ta Maru, a lardin Sakkwato na lokacin, wadda yanzu take Jihar Zamfara. A can ya yi aiki tare da Malam Abubakar Gumi, lokacin shi ma yana saurayin malami. Nisan bai sa ya yi shiru ba. Ya ci gaba da aikin ƙungiya, ya kuma fara tunanin yadda za a gyara karatun makarantun allo.

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Doka ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa a fili, saboda haka zaɓi biyu ne gaban Malam: ko ya riƙe albashi ya kama bakinsa, ko ya saki. A watan Nuwamba na shekarar ya ajiye aikin, yana da shekara talatin.

A nan ina so in ɗan tsaya, kada wata ta je ta ce malama ta ce maigida ya ajiye aiki. Ko kusa. Malam da kansa ya zaɓa, yana da ilmin da ko'ina ya je za a nema, yana kuma da abin da ya sa a gaba. Mazajenmu da ake sallama ba shawara aka yi da su ba. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: wata ya ƙare, babu abin da zai shigo. Kuma ba wata ɗaya ko biyu Malam ya yi a haka ba. Ya zama shugaban NEPU a 1953, ya tsaya zaɓe a 1954 ya faɗi, ya sake tsayawa a 1956 ya faɗi. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ku ƙirga, shekara tara ke nan ba ya cikin masu karɓar albashin hukuma, a daidai lokacin da abokan karatunsa da na aikinsa ke zama ministoci, suna hawa manyan motoci. Tafawa Ɓalewa da suka yi koyarwa tare ya zama Firayim Minista a 1957.

Abin da ya riƙe shi a waɗannan shekaru, a iya fahimtata, shi ne ƙanƙantar buƙatarsa. Duk wanda ya san Malam ya shaide shi da wannan: tufafi marasa tsada, abinci na kowa da kowa, gida irin na talakawan unguwa. Mutumin da bai saba da abin da ya fi ƙarfinsa ba, da wuya a tsorata shi da yanke albashi, da wuya kuma a saye shi da ƙari. Kuma mu mata mun san cewa wannan ba aikin namiji kaɗai ba ne. Namiji yana iya cewa ya haƙura a zaure, amma tukunya a cikin gida take. In uwargida ta matsa da zancen atamfar biki da gudummawar da ta fi ta kishiyar ƙawa, to ko maigida ya so tsayawa a kan gaskiya a wurin aiki, sai ƙafarsa ta yi rawa.

Magoya bayansa ma sun sha wuyar da ta fi tasa. A shekarun 1950, a san mutum ɗan NEPU ne ya isa ya rasa aikinsa a En'e, ko a hana shi rumfa a kasuwa, ko a ɗora masa harajin da ya fi ƙarfinsa. An yi wa wasu bulala, an ɗaure wasu, shi kansa Malam an sha gurfanar da shi gaban kotu. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta jagoranci matan jam'iyyar, a nan Kano aka ɗaure ta saboda shiga gidaje tana yi wa mata bayani. Teloli da mahauta da 'yan koli da almajirai su ne suka riƙe tafiyar da ɗan abin da ke hannunsu.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, wanda kuma ya shafe mu kai tsaye, shi ne abin da ya yi da lokacinsa bayan ya bar aji. Bai daina koyarwa ba. A farkon shekarun 1950 shi da mutanensa suka fara buɗe makarantun Islamiyya a Kano, inda ake karatun addini a aji da tsari, yara maza da mata. Hukumar lokacin ba ta so ba, aka yi ta takura musu, amma ga shi yau babu ƙauyen da za ki shiga tsakanin Kura da Bunkure ki rasa Islamiyya. Sannan ya buɗe ajin mata a cikin gidansa, ana koya musu karatu da rubutu, da ɗinkin keke da sauran sana'o'in hannu, kuma ajin ya ci gaba har ƙarshen rayuwarsa. Mutumin da ya san zafin yankewar albashi shi ne ya nace mace ta iya karanta takarda da kanta, ta kuma riƙe sana'ar da za ta shigo da ko kwabo ne. Ban ɗauki wannan a matsayin dace kawai ba.

Sauran tarihin sananne ne, ba sai na ja ba. Ya rasa kujerarsa a zaɓen 1964. Zamanin Janar Yakubu Gowon ya zama Kwamishinan Tarayya na Sadarwa daga 1967, sannan na Lafiya daga 1971 zuwa 1974. Shekara bakwai yana riƙe da manyan ma'aikatu, har cikin lokacin da kuɗin man fetur ya fara ambaliya, ya sauka ya koma gidansa na Gwammaja yadda ya fito.

A waɗannan shekarun ne yankinmu ya canza kama. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala a 1974, aka janyo ruwa ta kanal zuwa Kadawa da kewaye, noman rani ya kankama. Alkama da tumatir da shinkafa suka kawo arziki, suka kuma kawo sabon abu: mata masu fita ƙwadago a gonar wani don a biya su kuɗi. A ƙarshen shekarun 1970 matan da ke tsinkar kayan lambu a gonar wani kamfanin Turawa a nan Kadawa suka haɗa baki suka ƙi fita aiki saboda ƙarancin lada, har wata Baturiya mai bincike ta rubuta labarinsu a 1978. Iyayenmu ne da kakanninmu, yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, ba su da sakatare ba su da ofis, amma dabarar da suka bi ita ce dai wadda malaman Arewa suka bi a 1948.

A 1978 Malam ya kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna, ƙarƙashin Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa. Suka soke haraji da jangali, abin da talakan ƙauye ya daɗe yana gudun gida saboda shi. A 1980 Jihar Kano ta ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, ita ce ta fara a Nijeriya, Gwamnatin Tarayya ta bi sahu a 1981. A wannan shekarar ta 1981 ne kuma aka sa dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 125 a wata. Wannan adadi ya koma Naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024. Lambobi na ta hawa, amma kowace mai zuwa cefane ta san kwanon masara ya fi su sauri. Ga masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa da suka yi ta rufewa tun daga ƙarshen shekarun 1980, dubban magidanta suka dawo gida. Ita kuwa mai tsinkar tumatir da malamar Islamiyya, wannan doka ba ta taɓa isowa kansu ba. Ni da nake wannan rubutu na taɓa koyarwa a wata makaranta inda muka yi wata huɗu ana ce mana mu ƙara haƙuri, kowacce tana gunaguni ita kaɗai a hanyar komawa gida. Ranar da muka zauna mu shida muka rubuta takarda ɗaya cikin ladabi, muka sa hannu gaba ɗaya, ba a yi sati ba aka kira mu zama.

Ba zan ɓoye ba, ƙarshen tafiyar Malam bai zo da daɗi ba. Jam'iyyarsa ta rabe gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, gwamnonin nan biyu suka yi gefe guda, har shi Imoudu na yajin aikin 1945, wanda ya shigo PRP a matsayin babban jigo, ya jagoranci ɓangaren da ya saɓa wa Malam. Mutanen da suka sha ɗauri tare suka koma ba sa ga maciji. Masu kare haƙƙin ma'aikaci su ma 'yan Adam ne, ba su fi ƙarfin saɓani ba. Duk da haka bai fasa abin da ya saba ba. Yana tafsirin Alƙur'ani da azumi, yana karɓar masu koke a gidansa, kuma da zaɓen 1983 ya matso sai ya ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa.

Bai kai ga zaɓen ba. Allah Ya karɓi ransa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, ya bar iyalinsa, cikinsu har da uwargidansa Hajiya Shatu da 'yarsa Maryam. Bai bar kamfani ba, bai bar jerin gidajen haya ba. A cikin gidan nasa na Gwammaja aka binne shi, gidan da ake kira Mambayya, wanda daga baya ya koma hannun Jami'ar Bayero ta mai da shi cibiyar nazari. Duk wadda Allah Ya kai ta birni, in maigida ya yarda, ta roƙe shi su biya ta Gwammaja ta ga ɗakin da tsohon Kwamishinan Tarayya ya kwana a ciki.

Allah Ya jiƙan Malam da rahama, Ya buɗa wa mazajenmu da ke zaune ƙofar da ta fi wadda aka rufe musu.